Keken da Gwaggo Ta Lulluɓe da Zane

Gwaggo Mai Keke mace ce mai hannun kyauta, amma tana da taurin kai a kan abu ɗaya: ba ta ba mutum tsohon kaya. Bayan rasuwar mijinta, wanda ya yi shekaru bai taka ƙasa ba, ta kafa ƙungiyar da ke raba keken guragu kyauta. Sabo fil, da ledarsa. "Talaka ba kwandon shara ba ne," in ji ta. Ni kam ban ga laifinta ba.

Sai tattalin arziki ya karye. Masu taimako suka daina ɗaukar waya, ɗakin ajiya ya koma wayam, sai tayoyi da suka sace a lungu.

Ana nan aka kawo wata mai sayar da sabulu, an goyo ta a baya. Kekenta ya karye gida biyu. Ta ce in ba ta koma kasuwa ba za a ba wani rumfarta, kuma da rumfar take ciyar da 'ya'yanta.

Mai gyaran kekunan ƙungiyar ƙanin marigayi ne, shi kaɗai ke iya tsokanar Gwaggo. Ya ce, "Matar yaya, gidaje cike suke da kekunan da masu su suka rasu ko suka warke. A roƙo su, in gyara."

"Ni in ba baiwar Allah tsatsa?"

"To ba ta ledar ta hau."

Gwaggo ta harare shi, ta dubi matar da ke zaune a ƙasa tana gyara mayafi don kunya. Sai ta fita.

Kowa ya san keken mijinta na ɗakinta, lulluɓe da zane, ko jikokinta ba sa taɓa shi. Shi ta turo da hannunta har ƙofar ofis, idanunta jawur. Fatar hannun keken ta koɗe daidai inda marigayi yake dafawa. Ƙaninsa ya gani, bakin tsokana ya mutu. Ya sa masa mai, ya ɗaure birki.

Mai sabulu ta ce, "Gwaggo, ai wannan ya fi ƙarfina."

"Hau, 'yata. Mai shi bai taɓa son zama wuri ɗaya ba."

Daga ranar Gwaggo ta shiga bin gidaje tana roƙon tsofaffin kekuna. Wa zai hana matar da ta fara ba da nata? Ƙungiyoyi da dama sun rufe a shekarar, tata ba ta rufe ba. Wallahi har yau in na ga keken nan a bakin rumfar sabulu sai zuciyata ta karye.

Darasin shi ne, in hannun masu bayarwa ya ƙafe, kada mai aikin taimako ya fifita tsarinsa a kan mabuƙacin da ke gabansa. Ya dubi abin da ya rage a hannun jama'a, kuma kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ya fara buɗe ta ɗakinsa.