Keken Kawu Barau

Na dawo gida na tarar an sare ceɗiyar tasha, gidan kallon ƙwallo ya koma kemis, rabin abokaina sun yi tumbi. Har rumfar teloli ta kasuwa, wadda na sani cike da hayaƙi, ƙungiya ta hana shan taba a cikinta. Mai so ya fita bakin ƙofa.

Kawu Barau, ƙanin mahaifiyata, tun kafin a haife ni yake ɗinki da sigari a baki. Ba fitar ce ta gagare shi ba. Shagon Nafi'u, mijin 'yarsa, shi ke kallon ƙofar rumfar, dattijo kuwa ba ya tsayawa yana busa hayaƙi a gaban suruki. Sai ya riƙa shiga ɗakin da masu katifa ke ajiye auduga, ya sa sakata. Ran nan da azahar tari ya sarƙe shi, ya yanke jiki ya faɗi, wutar sigarin ta faɗa cikin auduga.

Kande mai ɗinkin kayan mata ce ta fara jin ƙauri. Tana da asma, ita ce ma ta yi ta kai ƙara har aka kafa dokar. Ta ce, "Jama'a, wani abu na ƙonewa!" Aka yi mata dariya, wani ya ce, "Hajiya Hanci, kin fara ko?" Ta ƙi zama, tana haki tana ihu, har kowa ya tsayar da kekensa. Da ta yi shiru, da babu wanda ya motsa. Amma dokarta ce ta kora Kawu cikin auduga.

Jatau, wani tela a rumfar, shi kaɗai ya san inda Kawu yake, don tare suke ɓuya su sha. Ya san in ya buɗe baki ya tona kansa. Ya faɗa, kuma daga baya ƙungiya ta kore shi daga rumfar. Da bai faɗa ba, da ana can ana duba wayoyin lantarki har hayaƙi ya gama da Kawu. Sai dai shi ne ya fara nuna masa ɗakin.

Nafi'u, wanda bai taɓa haɗa ido da Kawu ba, shi ya ɓalle ƙofar da kafaɗa, ya goyo shi ya fito. Hannuwansa sun ƙone, har yau ba ya iya dunƙule su, kuma bai taɓa tayar da maganar ba. Shi ma dai, kunyarsa ce Kawu ya guda.

Kawu ya rayu, amma ƙirjinsa ya daina ɗaukar taka keke. Jiya ya kira ni.

"Ɗan nan, ga keke. Zauna ka riƙe."

"Kawu, ba zan iya zaman garin nan ba."

"Na sani, ƙafarka ƙaiƙayi take yi. To kafin ka tafi, ka miƙa shi ga wanda ya cece ni. Ni na rasa ta cewa."

Na zaga su ukun, na gaji. Kowa ya ce ba don keke ya yi ba, kowa kuma sai ya tambaye ni wa zan ba. Ga jakata na ɗaure, motar Agadas gobe za ta tashi, keken yana nan a zaure lulluɓe da tsumma.

To, ku da za ku ci gaba da zama da su, Kande, Jatau ko Nafi'u, wa zan kai wa?