Kwalba Mai Hoton Kabewa

Akwai wani direba a Birnin Ƙonni mai suna Mas'udu. Mutum ne mai hannun kyauta, mai zumunci, ba ya cutar kowa da gangan. Aibinsa ɗaya ne tak: babu wanda ya taɓa jin kalmar "ban sani ba" ta fito daga bakinsa.

Da can kabu-kabu yake yi tsakanin tasha da bakin iyaka. Daga baya Allah ya ɗaga shi, ya samu aikin tuƙa wani Bature da ke aikin rijiyoyi a ƙauyuka. Shekara shida yana gaban mota, Bature na baya. Tun daga nan Mas'udu ya zama masanin komai. In ana hirar magani shi ne likita, in ana hirar jirgin sama kai ka ce da shi aka ƙera. Alhali ko aji ɗaya bai yi a lakwal ba, wato makarantar boko, kuma rubutun boko a wurinsa zanen tafiyar tururuwa ne.

Da aikin Baturen ya ƙare zai koma ƙasarsu, ya bar wa ma'aikatansa tarkacen gida su raba. Mas'udu ya samu fanka, da kula ta sanya ƙanƙara, da wani ƙaramin kwali mai kwalabe shida masu duhu. A jikin kowace kwalba akwai hoton kabewa ƙatuwa, ja jawur, gwanin kyau.

Yana ganin hoton nan sai surukinsa ya faɗo masa a rai.

Malam Sallau, mahaifin matarsa Wasila, manomin kabewa ne a Badagishiri. Shi ne kuma limamin ɗan masallacin da ke bakin garake, inda masu noman rani ke sallah, shekara talatin ke nan. Dattijo ne marar hayaniya, ko dariya ba ya yi da ƙarfi. Shi ya ba Mas'udu 'yarsa tun yana kan babur ba shi da komai, ya ce mutunci yake dubawa. Wannan ya sa kullum Mas'udu ke son ya nuna wa tsohon cewa bai yi zaɓen tumun dare ba.

Ranar Litinin da rana, yana zaune a tsakar gida, ya buɗe kwalba ɗaya don ya ji. Ta yi tsaki, kumfa ya taso. Ruwan ja ne mai duhu kamar zuma. Ƙamshin kanumfari da kirfa da citta ya bugi hancinsa. Ya kurɓa.

Zaƙi ne ya fara zuwa, irin na kabewar da aka dafa ta nuna lugub aka zuba mata sukari. Bayan zaƙin sai wani ɗaci ya biyo, ya manne a ƙarshen harshe. Sannan wani ɗumi ya gangara ƙirjinsa a hankali, ya dawo ya hau kunnuwansa.

Ya sake kurɓa, ya tsaya.

Mas'udu bai taɓa shan giya ba a rayuwarsa. Amma ya sha ɗauko baƙin maigidansa daga wurin liyafa, ya san warin da ke cika mota in sun shigo. A ƙarƙashin kanumfarin nan da kirfar nan, akwai ɗan wannan warin. Zuciyarsa ta faɗa masa, ƙarara. Sai ya dubi hoton kabewar, ya ce wa kansa ai citta ce, citta mai ƙarfi haka take yi.

Wasila ta fito daga ɗaki ta ga kwalbar. Ita ta yi lakwal har aji tara.

Ta ce, "Baban Nabila, mi na na wanga? Miƙo in diba rubutun."

Ya janye kwalbar. "Lemun kabewa na. Irin na ƙasar Turawa. Gobe zan kai ma Baba, shi ga inda kabewa tak kai."

"To bari dai in karanta, minti guda."

"Ke, ni da niy yi shekara shida da Bature, ke za ki gwada mani abin shan Bature? Aje karatunki, ba a buro muke ba, nan gida na, ba ofis ba."

Mas'udu ya tura kwalbar da ya buɗe ƙarƙashin gado, ya zuba sauran biyar a kula. Da ya miƙa mata hannu kawai, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma miƙawar na nufin ya yarda bai iya karantawa ba, shi kuwa gara masa komai da wannan.

Washegari ya sayi ƙanƙara, ya ɗaure kula a bayan babur, ya kama hanyar Badagishiri. Wasila ba ta bi shi ba saboda 'yarsu Nabila na zuwa makaranta.

Ya iske Malam Sallau a garka ana yankan kabewa, an tara su tsibi-tsibi. Rana ta take, tsohon ya jiƙe da gumi. Tare da shi akwai amininsa Mato, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana dako a tashar jiragen ruwa a kudu kafin ya dawo gida ya kama noma.

Mas'udu ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Sannan ya buɗe kula ya fito da kwalba, raɓa na tsattsafowa a jikinta.

"Baba, ga ɗan abin sanyi. Lemun kabewa na, daga ƙasar waje."

Malam Sallau ya karɓa yana jujjuya ta, fuskarsa ta cika da murna. "Kabewa? Wagga da muka nomawa, ita anka sa cikin kwalba? Ikon Allah." Ya dubi surukinsa. "Ka dai san shi, ɗana?"

"Na san shi sarai, Baba."

Tsohon bai ƙara tambaya ba. Ya yi bisimilla ya sha. Ya miƙa wa Mato ɗaya, Mato ya ɗaga hannu ya ce likita ya hana shi zaƙi saboda ciwon suga. Aka ce Mas'udu ya ɗauki tasa, ya sunkuyar da kai. Kowa ya sani suruki ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa. Ya ja jiki ya koma can gindin mangwaro, ya ba su baya. Mato har yaba masa ya yi, ya ce yaron akwai kunya.

Kunyar nan kuwa ta yi masa rana, don ta raba shi da kwalbar ba tare da kowa ya tambaye shi dalili ba.

Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu. Ya duba, Wasila ce. Ya ce a ransa mitar jiya ce za ta ci gaba, ya mayar da wayar. Ta kira sau bakwai bai ɗauka ba.

Daga inda yake yana jin muryar tsohon. "Akwai daɗi, Mato. Sai dai ɗan ɗaci daga baya, kuma shina da yaji." Ƙishirwa ta yi wa Malam Sallau yawa, ga sanyi, ga zaƙi. Ya shanye ta farko, ya buɗe ta biyu ya kai ta rabi.

Lokacin la'asar ya yi, masu garake suka fara taruwa a masallaci. Malam Sallau ya yunƙura zai tashi, ƙafarsa ta ƙi, ya dafe tsibin kabewa, suka gangaro. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ba a taɓa ji daga bakinsa ba, har da buga cinya. Ya isa bakin masallaci yana tangaɗi. Ya ɗauki buta, ya wanke ƙafa kafin fuska, ya tsaya yana kallon butar kamar bai san ta ba.

Mutane suka yi cirko-cirko. Wani da ke kusa da shi ya shaƙi numfashinsa, ya ja baya, ya raɗa wa na gefensa magana.

Mato ya koma garka da sauri, ya ɗauki rabin kwalbar ya kai hanci. Sau ɗaya ya shinshina. Ya ɗago ya dubi Mas'udu, kallon da Mas'udu bai manta ba har yau. Ya je ya kama hannun amininsa ya ce wa jama'a, "Rana ta tab bugi Malam. Wani shi ja sallah." Ya tafi da shi gida.

Sai a lokacin Mas'udu ya ɗauki waya. Wasila na kuka. Ta ce tana shara ta ga kwalbar, ta karanta. Giya ce, kuma mai ƙarfi, an rubuta a jiki ƙuru-ƙuru.

Ta ce, "Ka ce mani ba ka ba shi ba."

Kunya ta rufe shi har ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Bai iya komawa Ƙonni ba, bai iya shiga gidan ba, a zauren Mato ya kwana.

Kafin gari ya waye magana ta zaga. Liman na sha a ɓoye. Wasu suka ce dama shirun nan nasa ya yi yawa. Wasu suka fara tambayar yadda sallolinsu na shekara talatin suke. Da asuba Malam Sallau ya zo masallaci, ya tsaya a sahun baya. Da aka idar ya ce wa jama'a ya sha abin da bai sani ba, yana neman gafarar Allah da tasu, kuma ba zai ƙara shiga gaba ba sai zukatansu sun natsu da shi. Aka tambaye shi wa ya ba shi. Ya ce wannan tsakaninsa da Allah ne.

Mato ne ya kawo wa Mas'udu labarin. Ya ƙara da cewa, "Ya ruhe maka asiri da nashi mutunci. Sauran kuma ya rage gare ka."

Da hantsi Mas'udu ya iske surukinsa a garka shi kaɗai, yana tattara kabewar da ta warwatse jiya. Ya durƙusa nesa, ya kasa ɗaga kai.

"Baba, ka gahwarce ni."

Tsohon ya ajiye kabewar da ke hannunsa. "Tambaya guda zan yi maka. Ka ɗanɗana shi kahin ka kawo mani?"

Nan ma ƙofar ƙarya a buɗe take. Da ya ce a'a, da an ce tsautsayi ne.

"Na ɗanɗana, Baba. Na ji warin, raina ya ba ni. Wasila ta ce in ba ta ta karanta, niƙ ƙiya. Ban iya karatu ba, kuma ban so a sani."

Malam Sallau ya zauna kusa da tsibin kabewa. Sannan ya ce, "Abin da nish sha bai dame ni ba, Allah ya san ban sani ba. Ni ma ban iya karatun boko ba, ɗana, ban taɓa jin kunyar hwaɗi ba. Shi ya sa nit tambaye ka. Da kac ce ka san shi, ban diba kwalba ba, kai nid diba."

Mas'udu ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Da zagi tsohon ya yi masa, ko mari, da ya fi masa sauƙi.

Da azahar masallaci ya cika, don kowa na son ya ga yadda za ta kaya. Kafin a tayar da sallah Mas'udu ya miƙe da kwalabe ukun da suka rage a hannunsa. Ya faɗi komai, bai rage ba: yadda ya samo su, yadda ya ɗanɗana ya yi zato, yadda ya hana matarsa karantawa, yadda Malam ya tambaye shi ya ce ya sani. Ya ce, "Ni Mas'udu ban iya karanta ko harahi guda ba. Wanda za ku zarga, ga ni." Ya fita waje ya tuttular da su a ƙasa, ƙamshin kanumfari ya tashi, warin ya biyo baya, kowa ya ji.

Wanda ya fara raɗa maganar jiya shi ya fara sunkuyar da kai. Mato ya tashi ya kama hannun Malam Sallau daga sahun baya, ya ja shi har gaba, babu wanda ya hana. Mas'udu ya yi sallarsa a can ƙarshen sahu, kusa da takalma.

Da zai tafi, ya so ya sulale ba sallama. Sai ya tarar tsohon na tsaye kusa da babur, ya riga ya ɗaure masa ƙatuwar kabewa a inda kula take, kamar yadda ya saba yi masa duk zuwa.

Tsohon ya ce, "Kai ma ɗiyata ta yi muku miyar taushe. Wagga ni nash shuka ta, na san abin da ke ciki."

Mas'udu ya hau babur ya kama hanyar Ƙonni. Tun daga ranar, ko takardar magani aka ba shi, sai ya kawo gida ya miƙa wa Wasila ya ce, "Diba mani, ban sani ba."

Darasi: Cewa "ban sani ba" ba ta rage wa kowa daraja, amma "na sani" ta ƙarya tana iya zubar da mutuncin wanda ya yarda da kai, ba naka kaɗai ba. In zuciyarka ta yi shakkar abu, tsaya ka tambaya kafin ka miƙa wa wani. In kuma ka yi kuskure, kada ka bar mai rufa maka asiri ya ɗauki kunyarka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake riƙe da irin wannan kwalbar yanzu haka.