Bushiya da Gidan Toka

Ku matso, wuta ta kama. Lantana, ki bar tsokanar ƙanenki Jatau, ko in fara da ke kafin in fara labarin. To, ga ta nan, ga ta nanku, ta iso bakin zaure.

"Ta shigo mu ji ta, Kaka."

Bushiya ce da tsohuwarta. Gidansu gidan gado ne, an gina shi tun tsohuwa na da ido da ƙafa. Ɗakin kwana a wannan kusurwa, madafa a waccan, makewayi can ƙarshen gida, turmi da rumbu sun tare tsakiyar hanya. Mai ido ba ya ganin aibin gidan. To, idon tsohuwa ya tafi. Ran nan ta fito za ta kewaya, ta yi karo da turmi, ta faɗa gefen murhu, garwashi ya ƙone mata ƙafa.

Bushiya ta shafa mata magani. Washegari ta ɗauki kwando ta nufi kududdufi. Duk ranin nan tana kwaɓa ƙasa tana yin tubali, ita kaɗai, da 'yan hannuwan nan nata da ba su kai ɗan yatsan Jatau ba. Abin da ta tara na gini ɗaya ne tak. In ta rushe ta gina ba daidai ba, babu na gyara, ga damina na tafe, sai dai makauniya ta kwana a ruwa.

Gizo ya ji labari. Kun san Gizo, ko tukunya aka sauya wa wuri sai ya zo da shawara. Ya yi sallama ya zauna kan tubalin mutane, ya ce ai shi ya zaga birane, ya ga gidajen attajirai, kuma babu mai barin madafa a ƙurya sai ɗan ƙauye. A kawo ta jikin zaure, a kira gayya gobe, a rushe komai. Abin da ke ransa kuwa, yana so ya riƙa jin ƙamshin miya tun daga titi, ya san lokacin sallama.

Bushiya ta ce, "Na gode, Malam Gizo. Bari mu gani."

Ta kwaso toka a murhu, ta zana da'ira jikin zaure daidai girman madafa. Ta jera karan dawa kan zanen don sandar tsohuwa ta riƙa jin inda bango yake. Ta ɗauko duwatsun murhu ta girka a ciki, ta ɗora tukunya. Maƙwabta suka leƙo ta danga suna dariya, wai Bushiya ta gina gidan toka.

Kurciya ta zo gaisuwa ta zauna a zaure. Hayaƙi ya shiga ya kore ta, ta fita tana hawaye ba wanda ya mutu. Da yamma Bushiya ta tambayi tsohuwa yadda ta ji sabuwar madafa.

Tsohuwa ta ce, "Nisa ya ƙaru, 'yar nan. Kuma duk wanda ya wuce ya san yau babu nama a miyarmu."

Bushiya ta ɗauki tsintsiya ta share. Madafa ta rushe, ko tubali ɗaya bai fashe ba.

Gizo ya dawo. Ya ce ai waccan gwaji ce yake mata, ga ta gaskiya: rumbu shi ne ya tare hanya, a kai shi jikin danga, can baya, inda ba mai tuntuɓe da shi.

"Na gode, Malam Gizo. Bari mu gani."

Ta zana da'ira da toka jikin danga, ta jera kara, ta ajiye ƙwaryar gyaɗa a tsakiya a matsayin rumbu. Da gari ya waye, ƙwarya ta zama wayam, ga sawu a kan toka daga ƙarƙashin danga zuwa ƙwarya, daga ƙwarya zuwa ƙarƙashin danga, sirara kamar an caka da tsinke. Sai ga Gizo ya shigo yana sakace haƙori. Bushiya ta roƙe shi, tunda ya zaga duniya, ya taya ta gane sawun nan.

Gizo ya duƙa ya duba, ya ce na Zomo ne.

"Zomo ƙafa huɗu gare shi," in ji Bushiya. "Nan kuwa na ga takwas."

"To, su biyu ne suka jero."

Bushiya ta ce haka ne, Allah ya shirye su su biyun. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kira mai unguwa ba. Ni da ni ce, da taɓarya zan raka shi har gida. Amma ita ƙwarya ɗaya ta rasa, ta tsira da rumbu guda, kuma ta san haka. Ta ɗauki tsintsiya ta share.

Karo na uku Gizo ya zo da murya mai laushi. Ya ce shi fa tsohuwa yake tausayi. A juya ƙofar ɗakinta ta dubi gabas, hantsi ya riƙa shigowa yana gasa mata ƙashi.

"Na gode, Malam Gizo. Bari mu gani."

Ta zana ɗaki da toka, ta kewaye shi da zana, ta bar ƙofa wajen gabas, ta shimfiɗa tabarma a ciki. Da safe tsohuwa ta zauna ta sha hantsi, ta ce da daɗi. Amma ta ƙara da cewa a jira, domin ita tun tana yarinya ruwan ƙasar nan ta gabas yake dukan bayanta. Ba a daɗe ba hadarin farko ya taso da iskarsa, ya shiga ta ƙofar kai tsaye kamar an gayyace shi, ya jiƙa tabarma sharkaf. Ruwan da kansa ya share tokar, ya hutar da tsintsiya.

Gizo ya fusata. Ya ce shi bai taɓa ganin mace mai jan aiki irin wannan ba, gini da toka, rushewa da tsintsiya. Zai nuna mata yadda maza ke yi. Ya koma gida ya sa Ƙoƙi matarsa ta fito da tukwane, ya ɗauki gatari ya bi bangayensa ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar gidansa ya zama fili. Ƙoƙi ta tambaye shi ina tubalin sabon gini. Ya ce Bushiya za ta gaji ta bar nata. Ƙoƙi ta ɗaure kayanta ta tafi gidansu, ta ce in ya yi rufi ya aiko.

To, yanzu ku ji abin da Bushiya ta yi, domin nan ne na ce a gaishe ta.

Ta kwashe turmi da tarkace, ta share tsakar gida fes. Ta tara tokar unguwa kaf, ta barbaɗa ta ko'ina, siriri kamar ana yayyafa gari a tukunya. Sannan ta je ta durƙusa gaban tsohuwa.

"Inna, ba zan ja ki ba, ba kuma zan ce miki dama ko hagu ba. Ki bi inda ƙafarki take so."

Tsohuwa ta tashi. Ta je wurin randa, ta koma. Ta je makewayi, ta koma. Ta nemi inuwar durumi ta zauna, ta bi ƙamshi zuwa murhu. Yau haka, gobe haka, Bushiya na daga gefe tana kallo, hannunta na ƙaiƙayi ta kama ta, amma ta daure. Sawu ya hau kan sawu har hanyoyi suka fito a toka ɓaro-ɓaro. Inda tsohuwa ta riƙa tsayawa tana lalube da hannu, Bushiya ta kafa tsinke.

Sai a sannan ta kira Zanzaro magini, ta kira gayya. Ta ce masa duk inda ƙafar Inna ta taka, hanya ce, kada tubali ya hau. Inda ba ta taka ba, nan bango. Inda aka kafa tsinke, a yi gajeriyar katanga daidai hannunta. Ɗaki ya matso kusa da makewayi, ƙofa ta dubi kudu, madafa ta koma inda iska ke fitar da hayaƙi waje, rumbu a gaban idon Bushiya. Zanzaro ya duba ya ce shi dai yau an gama masa rabin aiki. Maƙwabtan da suka yi dariya su ne suka ɗauki tubali a ka. Tubali ya isa cif, aka yi jinka, damina ta sauka.

Da safiyar ruwan, Bushiya na hura wuta, sai ta ji an dafa kafaɗarta. Tsohuwa ce, ta fito daga ɗaki, ta kewaya, ta sha ruwa a randa, ta iso madafa. Sandarta na can jingine a bakin gado.

Ta ce, "'Yar nan, gidan nan ya san ni."

Suna cikin haka sai ga sallama a zaure, murya na rawa. Gizo ne, ruwa na ɗiga daga ƙafa takwas. Ya ce ko akwai ɗan wurin da ba a amfani da shi. Tsohuwa ta ce a ba shi, maƙwabci ne, ko da gyaɗarsu na cikinsa. Bushiya ta duba ƙasa, ko'ina hanyar Inna ce. Ta ɗaga kai ta nuna masa can sama, inda bango ya haɗu da rufi, ta ce nan ne kaɗai ƙafar Inna ba ta taka ba.

Shi ya sa har yau Gizo yake maƙale a kusurwar ɗakin mutane, yana ta zana gida da zare, tsintsiya na rushe masa.

Abin da nake so ku riƙe: kafin ku fasa bango, ku fara ginawa da abin da tsintsiya za ta iya sharewa, kuma ku tambayi ƙafar wanda zai zauna a ciki. Jatau, gobe ka maimaita wa ubanka wannan, tunda na ji yana auna bangon ɗakina da igiya bai tambaye ni ba.

Kungurus kan kusu. Kusun ya shige raminsa, ku ma ku shige naku.