Figaggun Kajin Lantana

An yi wani sarki a wani gari na bakin fadama, mai tsoron Allah, sai dai yana da saurin gaskata wanda ya riga kowa kawo kuka gabansa. Wazirinsa Haladu kuwa dattijo ne mai sanyin hali, har fadawa kan yi masa tsiya a bayan ido, wai kafin ya yanke magana tuwo ya huce.

Ana nan sai wata mata mai suna Lantana, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu, ba ta da abin riƙe gida sai kajinta, ta zo fada tana kuka, rungume da wata figaggiyar kaza wadda bayanta ya yi jawur, abin tausayi.

Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Allah ya ba ka nasara, kajina sun zubar da gashi a ƙarshen damina kamar yadda suka saba, amma bana da sabon ya tsiro sai ya ɓace. Maƙwabciyata Iya Tabawa ce ke fige su tana haɗa asiri da gashin, domin an sha ganin ta da sassafe a gindin dangata da wata baƙar tukunya."

Mutanen unguwa suka shaida maganar tukunya, ran sarki ya ɓaci, ya ce a kori tsohuwar daga garin. Tabawa ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Tausayi ya kama waziri, don ya san ba ta da ɗa ba ta da jika, in ta fita ƙofar gari ba inda za ta sa kanta.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, an ga tukunya, amma ba wanda ya ga figa. Ina roƙon a yi mini jinkiri."

Sarki ya ce, "Na yi maka, Waziri. In ka kawo mini wanda ke figar kajin nan, ta zauna. In ka kasa, ta tafi."

Waziri ya tafi gidan Lantana, ya tarar da kajin cunkushe cikin ɗan ƙaramin akurki, ba abin da ke gabansu sai dusa. Ya tambaye ta tun yaushe ta kulle su, ta ce tun ranar da aka ba ta labarin tukunya. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, ya zauna yana kallon kaji da rawaninsa da komai, matan gidan na leƙe suna ƙunshe dariya. Bai daɗe ba sai ya ga wata kaza ta kai wa 'yar'uwarta sara a baya, ta tsige sabon tsiron gashi, ta haɗiye.

Daga nan ya shiga wurin Tabawa, ya ce, "Iya, don Allah buɗe mini tukunyar nan."

Ta buɗe, sai ga busasshen kashin shanu da karmami, gara ta cika su fal. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kaza in tana sauya gashi gara take so. Na ga ɗawainiyar marayu ta sha kan yarinyar nan, shi ne nakan kafa tukunya a bakin suri, in zuba wa kajinta ta ƙarƙashin danga."

"To me ya hana ki faɗa a gaban sarki?"

"Uwarta ƙawata ce. Da wane baki zan tsaya cikin jama'a ina lissafa abin da na yi mata?"

Waziri ya san bayani kaɗai ba zai wanke wadda gari ya riga ya shafa wa baƙin jini ba, saboda haka ya sa aka saki rabin kajin su yi kiwo, Tabawa na ba su gara a idon kowa, rabi kuma aka bar su a kulle. Da aka ɗan kwana biyu ya kawo kaza biyu fada, ɗaya gashi ya rufe ta luf, ɗaya tana nan tsirara, ya warware wa sarki yadda ƙunci da yunwar ƙwari suka sa kaji cin gashin juna, da yadda tsoro ne ya sa Lantana ta rufe su.

Lantana ta durƙusa gaban tsohuwar tana kuka. Tabawa ta ɗago ta, ta ce, "Tashi, 'yata, tsoro ne ya sa ki. Je ki buɗe wa sauran, su ba su yi wa kowa laifi ba."

Sarki ya ce, "Da na kori Iya, da kajin sun ci gaba da figewa, da kuma mun nemi wata tsohuwar mun kora." Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa waziri, ya kuma ɗauki cin Tabawa da suturarta har ƙarshen ranta.

Lalle zato ba ya zama hujja don masu faɗarsa sun yi yawa, kuma mai mulkin da ke son adalci ya wajaba ya duba da idonsa kafin ya raba mai rauni da gidansa.