Kaguwa da Idon Ruwan Gindin Ɓaure

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A wani ƙauye akwai idon ruwa a gindin ɓaure. Ruwan garau, sanyi ƙalau, sai dai a hankali yake tsattsafowa. Kafin tulu ya cika, mace ta gama ba da labarin gidansu kaf. Duk garin shi suke sha.

Kaguwa ce mai gadinsa. Ta kewaye shi da shingen ƙaya, 'ya'yanta ƙanana suna kwance cikin damshin bakinsa. Aibinta ɗaya, kunya. Wanda duk ya ce mata Gwaggo, ba ta iya ce masa a'a.

Gizo kuwa ya tsani jira. Ran nan ya zo ya durƙusa.

"Gwaggo, barka da hutawa. Ƙayar nan tana yaga mini riga. A ɗan buɗe shingen mana."

"Ɗana, shanu za su shigo."

"Haba Gwaggo, ni za ki hana?"

Kaguwa ta sunkuyar da kai. Gizo ya janye ƙaya. Shanu suka shigo suka tattake wurin, suka yi kashi. Ruwa ya gurɓace, yaran gari suka kama ciwon ciki.

Gizo ya dawo da gatari.

"Gwaggo, na gano ɓarawon. Ɓauren nan ne ke shanye mana ruwa da saiwarsa."

"Ɗana, inuwarsa ce ke rufa wa ruwan asiri."

"Haba Gwaggo, ni za ki ƙaryata?"

Kaguwa ta matsa gefe. Gizo ya sare ɓaure. Rana ta buɗe wa ruwa wuta, ya ragu har sai an kankara da ƙoƙo.

Gizo ya sake dawowa, wannan karon da diga a kafaɗa.

"Gwaggo, idon ne ya yi ƙanƙanta. Bari in faɗaɗa shi, kowa ya cika tulu nan take."

"Ɗana, ba a taɓa idon ruwa da ƙarfe. Yumɓun da ke ƙasa shi ke riƙe da shi."

"Haba Gwaggo, a gaban mutane za ki kunyata ni?"

Kaguwa ta dubi 'ya'yanta, ta dubi Gizo. A'a ta zo mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta.

Gizo ya ɗaga diga. Ƙwal! Yumɓu ya fashe. Ruwan ya yi ƙugi, ya zurare cikin ƙasa, ko ɗigo bai bari ba.

Gizo ya yar da diga, ya haye rufin ɗaki ya ɓuya. Mutanen gari suka koma shan kududdufi, kurkunu ya kwantar da manya, gudawa ta ɗebi yara. Damshi ya bushe. 'Ya'yan Kaguwa suka yi ta kiran "Inna, ruwa," har muryarsu ta ɗauke. Ni kaina, yara, in na zo nan sai zuciyata ta karye.

Kaguwa ta shiga tono da hannunta, tana kuka, tana kiran ruwan ya dawo. Bai dawo ba. Shi ya sa har gobe za ku ga kaguwa tana haƙa rami a bakin rafi, tana tafiya a karkace don kunyar haɗa ido da mutane.

Wanda aka ba amanar ruwan gari, ya koyi cewa a'a, ko da ɗan'uwansa ne ya roƙa.

Ƙurungus! Ta ƙare a kan ɗan ɓera.