Ranar da Ja'afaru Ya Karkata Alƙiblar Ofis

Akwai wani mai zanen gidaje a Kaduna, Ja'afaru sunansa, wanda in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya raɗa wa kwamfuta suna. A teburin mai shayi yake cewa, "Duk Arewa, in ka cire Turawan da suka ƙera ta, ba wanda na'urar nan take jin maganarsa kamar ni. Ido rufe nake zana bene."

Masu shan shayi sai su gyaɗa kai. To me za su ce? Wajen shekarar casa'in da shida ne, yawancin mutane ko a hoto ba su taɓa ganin kwamfuta ba. Ni kaina da na fara ganinta, tambaya na yi ta ina ake kamo tashar Kaduna.

Ofishinsu yana Unguwar Rimi, wani gida ne mai katanga da aka mai da shi wurin aiki. Mai ofishin, Oga Datti, ya sayo kwamfutoci ya sa aka haɗa su da waya zuwa wata babba da ke ɗakinsa. Uwa suke ce mata.

A cikin Uwa ake ajiye kayan da kowa yake amfani da su: tsarin takarda, kaurin layi, siffar ƙofa da taga, da wata 'yar kibiya mai nuna alƙibla. Duk wanda ya buɗe zane, sabo ko tsoho, daga Uwa na'urarsa take jawo waɗannan. Dokar ofis kuma ita ce arewa tana saman takarda, don haka kibiyar kullum wuri ɗaya take nunawa.

Kowa kuma yana da tasa ma'ajiyar a kwamfutarsa. In kana son bangon allon kwamfutarka baƙi ne ko shuɗi, ruwanka. In aikinka ya buƙaci ka canza wani abu na Uwa, sai ka kwafo shi cikin taka ma'ajiyar, ka yi yadda ka ga dama da shi a can.

Ja'afaru ne kaɗai, bayan Oga, yake da ikon taɓa Uwa, saboda shi aka taɓa turawa wani ɗan kwas a Legas. Tun daga nan hularsa ta daina zama daidai.

Wata rana aka ba shi zanen gidan wani ɗan kasuwa, Alhaji Zakari, a Hayin Banki. Filin a karkace yake, kamar an yanka shi da fushi. Ja'afaru ya ga bai yi masa kyau a takarda ba, sai ya juya filin ya zauna sambal. Tunda ya juya fili, dole kibiyar alƙibla ma ta juya. Maimakon ya kwafo ta cikin nasa wurin, sai ya shiga Uwa kai tsaye ya karkata ta can. Ai kwafe-kwafe aikin 'yan koyo ne. Ya ce a ransa in ya gama zai mayar. Ya gama, ya tafi cin tsire.

A teburin da ke kusa da taga akwai Hafsatu, 'yar Malam Idris, mai makarantar allo a Rafin Guza. Mahaifinta ya daɗe yana jan mutane salla a rumfar kwano. Da 'yan unguwa suka yanke shawarar gina masallaci, mai bulo ya kawo bulo, mai yashi ya kawo yashi, kafintoci suka ce rufi nasu ne. Malam ya ce musu zane kuma kada su damu, 'yarsa ce za ta yi, da na'ura ma kuwa.

Oga Datti ya ba ta izini. Ta ɗora filin yadda dokar ofis ta ce, arewa a sama, ta bi kibiya ta kafa gaban masallaci. Ba ta yi shakka ba. Shekara da shekaru kibiyar nan ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba.

Magina suka bi takarda. Wani dattijo ya ce shi kam kamar ginin ya ɗan kalli kudu, aka ce masa Baba, kai ka fi kwamfuta sani ne?

Sai da gini ya kai linta, wani alhaji da ya dawo daga Makka da kamfas mai nuna alƙibla ya ajiye shi a ƙasa a gaban jama'a. Allura ta nuna wuri, bango ya nuna wani wuri dabam. Aka sake gwadawa, aka aro na wani, duk ɗaya.

Wasu suka ce a bar ginin a riƙa karkata sahu. Malam Idris ya ce shi ba zai mutu ya bar wa jikokin unguwa masallacin da za su riƙa tambayar wane jahili ne ya gina ba. Shi ya fara ɗaga guduma. Bulon da matan unguwa suka ɗebo wa ruwa ya zube a gabansu.

Daga nan baki ya buɗe. Aka sa wa kangon suna Masallacin Hafsatu. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu daga makarantar, wai malamin da bai san gabas ba me zai koyar. Malam ya daina fita sai salla. Bai taɓa yi wa 'yarsa faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Abin da ya ce kawai, "Uwata, kin duba da kyau kuwa?" Ta ce ta duba. Ya ce to shi ke nan.

Oga Datti ya dakatar da ita daga aiki har a gano bakin zaren.

Ja'afaru fa? Tun ranar da labari ya iso ofis ya tuna abin da ya yi. Ya so ya lallaɓa ya mayar da kibiyar, sai ya tarar Oga ya kulle ɗakin Uwa ya hana kowa taɓa ta. Da ya je ya faɗi gaskiya, da an wuce wurin. Amma wanda ya ce ido rufe yake zana bene, ta ina zai fara?

Sai ma ya ƙara gishiri. Ranar da Hafsatu ta zo kwashe kayanta ya ce, "'Yar Malam, ai da kin tambaye ni. Na'urar nan ba injin taliya ba ce." Ta dube shi, ta ɗauki jakarta ta fita.

Oga Datti ya zauna shi kaɗai yana gwada zanen masallacin da wani tsohon zane da aka buga tun bara. Nan ya ga kibiyoyin biyu ba su yi daidai ba. Ya shiga Uwa ya mayar da ita mazauninta, bai gaya wa kowa ba. Ya san an taɓa ta, amma na'urar ba ta faɗin wanda ya taɓa, shi kuma ba ya son ya ɗora wa mutum laifi da zato. Ya aika a roƙi Malam Idris da Hafsatu su zo ofis ya yi musu bayani.

Allah da ikonsa, a wannan safiyar Alhaji Zakari ya zo ganin zanen gidansa. Malam da 'yarsa suna zaune a benci suna jiran Oga ya sallami baƙo. Ja'afaru ya gyara hula, ya tara ma'aikata, ya buɗe zane a allo yana bayani da ƙarfi don na benci su ji. Ga falo, ga ɗakin baƙi, ga ɗan masallacin da Alhaji ya ce a sa masa a ƙofar gida.

Alhaji Zakari ya ji labarin Rafin Guza, don haka da tsoronsa ya zo. Ya matso da fuska kusa da allo ya ce, "Malam Ja'afaru, tsaya. Kibiyarku ta nuna nan, masallacina ya kalli can. Ni ma irin na Rafin Guza za ku yi mini?"

Ja'afaru ya duba. Gaskiya ne, kibiya ta rabu da masallaci. Jin an haɗa aikinsa da na Hafsatu a gaban mutane, sai kansa ya ɗau zafi, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Alhaji, aikina ba kuskure. Wani ne ya taɓa mini kibiya. Ni da hannuna na juya ta a cikin Uwa don ta dace da filinka, wa ya mayar da ita?"

Oga Datti ya ce, a hankali, "Ni na mayar. Yaushe ka juya ta?"

Ja'afaru ya dubi allo kamar zai cece shi.

Malam Idris ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar. Ya tako har gaban teburin, ya dubi Ja'afaru, sannan ya ce, "Yaro, ranar da nake rushe bangon nan, ka sani?"

Ja'afaru ya sunkuyar da kai. Kowa a ɗakin ya ji amsar.

Darasi: In kana son yaji, zuba a kwanonka, kada ka zuba a tukunyar gida, don ba ka san bakin wa za ta ƙona ba. Abin da jama'a suka dogara da shi amana ne, ba a taɓa shi don jin daɗin mutum ɗaya. In kuma ka riga ka taɓa, faɗa da wuri kafin wani ya ɗauki laifinka a kansa. Ku tura wa 'yan ofishinku, musamman wanda aka damƙa wa makulli ya ɗauka gadon gidansu ne.