Hankaka Ya Kai Ƙarar Taubashiyarsa

Ga ta nan tafe gare ku!
Ta iso mu ji ta!

Hankaka da Balbela taubasai ne. Kullum sai ya tsokane ta: "Ku farare, bayin shanu, maciya kaska!" In ta ɓata rai ya ce, "Haba, wasa ne! Kowa da bakinsa."

Ran nan Balbela ta ce, "Ku fa baƙaƙe, maciya mushe?"

Hankaka ya garzaya wurin alƙali Kunkuru. "An zagi danginmu kaf! A kore ta daga fadamar nan!"

Kunkuru ya ce, "Mai zagi kam za a kora. Kai me ka fara ce mata?"

Hankaka ya buɗe baki, sai "Kaa, kaa." Har yau bai ƙarasa ba.

Ku rage dariya, ni ma shekaranjiya na kai ƙarar taubashina.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera!